Saura Hawa Biyar

"Sake," in ji Magini.

Direba ya jingine madaɓin a cinyarsa, ya juyo ya dube shi. Gumi ya jiƙa masa riga har ta manne da bayansa.

"In sake me? Sau uku ke nan ina bin wannan kusurwar."

"To ka bi ta sau huɗu. Ni ba dukanka nake ƙirgawa ba, ƙasar nake saurare."

"Ƙasar ta ce maka me?"

"Ta ce wanda ke dukanta bai karya kumallo ba."

Matar Magini, wadda kowa ke kira Uwar Auta, tana wanke kwanuka a bakin famfo. Ta yi dariya ba ta ɗago ba. Magini yana zaune a kujerar roba a ƙofar ɗakinsa, bargo a kafaɗa duk da ranar da ake ƙwallawa. Ya laluba gefen kujerar ya ɗauko wani guntun rodi mai tsini, ya jefa. Jifar ba ta kai rabin tsakar gidan ba. Direba ya yi kamar bai lura ba, ya taka ya ɗauko.

"Soka," in ji Magini.

Ya soka a kusurwar, ya danna da ƙarfinsa. Rodin ya shige kamar tsawon yatsa.

"Nawa ya shiga?"

"Ɗan kaɗan."

"Ɗan kaɗan na direbobi ko na magina?"

Direba ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗaga madaɓin. Gwangwanin fenti ne babba da Magini ya cika da kankare tun shekarun baya, ya kafa masa bututun ƙarfe. Ɗagawa goma mutum zai fara jin kafaɗunsa suna neman rabuwa da shi.

Shekara ashirin da shida katangarsu ɗaya. Direba tifa yake ja, yashi da tsakuwa da jar ƙasa, ya kai wa masu gini ya juye ya yi gaba. Magini kuwa, maganar gaskiya, ba mutum ba ne mai daɗin aiki. Leburori Malam Sake suke ce masa a bayan idonsa, har sunan ya fito fili, shi ma ya ji, bai damu ba. Ya taɓa sa an rushe katanga hawa tara saboda igiyarsa ta nuna karkata da ba mai gani sai shi. Amma duk daɓen da ya zuba, in ya gamsu da shi, sai ya durƙusa a kusurwar bakin ƙofa ya danna tafin hannunsa a cikin ɗanyen siminti. Wanda bai gamsu da shi ba, ko mai gida zai yi kuka ba zai sa ba. Har yau akwai shaguna da gidaje a layin da in ka duba ƙasa za ka ga yatsu biyar, kuma ba ko ɗaya da ya tsage.

Wannan ɗakin da suke wa ciko a bayan gidan, ba na kwana ba ne. Na injin niƙa ne. Injin yana baranda tun bara, lulluɓe da tamfol. Tun ranar da tarin Magini ya fara zuwa da jini ya ce wa Direba, a bakin katanga, ba tare da wani kwana-kwana ba:

"Ni na kusa. Ba na son matar nan ta je gidan suruki ta zauna tana jiran a miƙo mata. In inji yana juyawa a gidanta, ba mai ɗaga mata murya."

Matsalar ita ce bayan gidan gangare ne. Da ya yi harsashi ya jera bulo, sai ya zama akwai rami a tsakiya, zurfinsa ya kai cinyar babban mutum. Baƙar ƙasar da ke sama, mai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye, ya sa an kankare ta tas an kwashe a baro an tara ta a waje, bayan ƙofar gida. Daga nan ƙarfinsa ya ƙare. Sai Direba ya kawo jar ƙasa, ya ce zai riƙa shigowa yana yi masa cikon.

A tunanin Direba aikin yini ɗaya ne. Magini ya ce hawa takwas.

"Kowane hawa kada ya wuce faɗin tafin hannu. Ka baje, ka yayyafa ruwa, yayyafi na ce, ba wanka ba. Ka dunƙula a hannu, in ta dunƙule ba ta ɗiga ba, ka daka. Ka daka har madaɓi ya fara dawo maka. Sannan ka bar ta ta kwana."

"Ƙasar ma sai ta yi barci?"

"Ta fi ka buƙata. Ku direbobin tifa abu uku kuka sani: ɗaga bodi, juye, tafi. Inji ba kujera ba ne, ƙanena. Girgiza yake daga safe har yamma. In ba ka zaunar da ƙasar ba, shi zai zaunar da ita, daɓen ya bi ta."

Ranar da aka yi wannan rigimar ta kusurwa, hawa na uku ne. Da la'asar rodin ya ƙi shiga sai ɗan bakinsa. Magini ya karkata kai ya saurari duka biyu na ƙarshe, ya ce, "Ka ji? Yanzu ta amsa." Iyakar yabon da Direba ya samu ke nan.

Washegari ba a yi ciko ba. Numfashin Magini ya sarƙe tun da hantsi, Direba ya aro ƙaramar mota ya kai shi asibiti. Suka yini a kan benci. Da aka gama gwaje-gwaje, likitan ya fito ya yafito Direba gefe.

"Kai ne ɗan'uwansa?"

"Maƙwabci."

"To, maƙwabci, ku kai shi gida ya huta. Huhun ya riga ya cinye. Zan rubuta abin da zai rage masa zafi."

"Kwana nawa?"

"Ba ni ke riƙe da kwanakin ba."

"Likita, ni ba yaro ba ne."

Likitan ya dubi takardar hannunsa. "Kada ku yi shirin da zai kai mako biyu. Ko ɗaya ma ban yi maka alkawari ba."

A hanyar dawowa Magini ya jingina kai da gilashi, idonsa a rufe. Direba ya zaci barci yake. Sai da suka shigo layin ya ji ya ce, "Yau ƙasar ta huta kwana biyu. Gobe ka ɗan ƙara mata ruwa kafin ka zuba sabuwa."

Daga ranar bai sake zama a kujerar roba ba. Gadonsa yana jikin bangon da ke kallon bayan gida, tagar tana sama da kansa, amma ba shi da ƙarfin da zai ɗago ya leƙa. Direba ya yi hawa na huɗu shi kaɗai, ba mai ce masa sake. Abin mamaki, sai ya ga yana bin kowace kusurwa sau huɗu da kansa. Ya soka rodi, ya ƙi shiga. Ya shiga ɗakin ya faɗa masa.

"Na ji," in ji Magini. "Ta wajen gabas ka yi ha'inci kaɗan, amma ka dawo ka gyara."

"Ta bango ka ga wannan?"

"Kunne nake da shi."

Da Direba zai fita, Uwar Auta ta biyo shi har ƙofar gida. Ta tsaya tana murza bakin zanenta.

"Baban yara, saura nawa?" Haka ta saba kiran Direba.

"Hawa huɗu. Sai tsakuwa, sai leda da rodi, sai kankare. Kwana shida, bakwai."

"Bakwai." Ta sunkuyar da kai. "Na ga lokacin da likita ya ja ka gefe. Ban tambaye ka ba, kuma ba zan tambaya ba. Amma yau ko ruwan shayi bai iya haɗiyewa ba. Sau uku yana ce min, an zuba? Sai ya tuna, ya ce a'a, da saura." Ta ɗago ta dube shi. "Ni dai ya gani da idonsa. Ko daɓen ne kawai. Ya san ya bar min wani abu."

Direba ya ce, "To."

Ya koma gida ya zauna a kan tayar da ke ƙofarsa, ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa. Duk yadda ya juya, bakwai ce. Kuma da ya duba tulin jar ƙasar da ta rage, ya ga ba za ta wuce hawa biyu ba, wurin da ake haƙo ta kuma tafiyar rabin yini ce. Ya ce a ransa, shekara nawa yana juye ƙasa a gidajen mutane? Ya ga an cika ramin da ya fi wannan a yini ɗaya, an zuba kankare washegari, kuma gidajen suna nan a tsaye. Tsohon nan tsananinsa ya yi yawa, kowa ya sani. Ƙasa ai ƙasa ce.

Da sassafe ya zo da Dogo, wani lebura da ya daɗe yana aiki ƙarƙashin Magini, da baro biyu. Suka kwashe jar ƙasar duka suka antaya a ramin lokaci ɗaya. Ba ta kai ba. Direba ya tura baronsa waje, ya kafa shebur a tulin da ke bayan ƙofa.

Dogo ya tsaya. "Oga, wannan fa ita ce Baba ya ce a fitar."

"Na sani."

"Baƙar ƙasa ce. Dubi saiwoyi. In ta ruɓe za ta bar rami."

"Ka ga yadda yake kwance?"

"Na gani."

"To ɗebi."

Dogo ya ɗiba. Suka zuba baƙar a tsakiya, suka rage jar kaɗan suka shafe samanta da ita don ido. Direba ya jawo tiyo ya tsuga ruwa har ya kwanta. Sannan ya ɗauki madaɓi.

Ya daka tun azahar har rana ta yi sanyi. Bai taɓa dukan ƙasa da ƙarfi irin na ranar ba. Hannunsa ya yi kanta ya fashe, ya naɗe da tsumma ya ci gaba. Saman ya yi sumul, ya yi kyau ƙwarai, sai ka ce an goge da dutsen guga. Amma madaɓin bai dawo masa ba ko sau ɗaya. Duk dukan da ya kai, sai ya ji ƙasar ta haɗiye shi. Rodin yana jingine a jikin bulo. Ya dube shi sau biyu, bai ɗauka ba. Ranar bai shiga ɗakin Magini ba, ya ce wa Uwar Auta jikinsa duk ƙasa ne.

Washegari suka baza tsakuwa, suka shimfiɗa leda, suka ɗaure rodi. Dogo ya nemo mutum biyu, aka kwaɓa kankare a tsakar gida. Kafin la'asar an zuba, an ja katako, an shafe. 'Yarsu Auta ma ta iso daga gidan mijinta da goyo a baya. Uwar Auta sai shiga da fita take yi, ta ba wannan ruwa, ta yi wa wancan sannu. Rabon Direba da ya ga haƙoranta haka tun kafin ciwon.

"Ku fito da shi," ta ce. "Tun simintin bai kama ba."

Direba da Dogo suka ɗora shi a kujerar roba suka ɗauko. Direba ya sha ɗaukar buhun siminti, wannan ko rabin buhu bai kai ba. Suka ajiye shi a bakin daɓen. Hasken ya sa ya runtse ido, sannan ya buɗe a hankali. Ya bi daɓen da kallo daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Shafar ta yi," ya ce. "Dogo ne."

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Ke, kawo min ruwa. Ba na randa ba, mai ɗumi. Auta, taya ta."

Da matan suka shige, Dogo ma ya tattara shebur ya yi wajen famfo. Magini bai dubi Direba ba. Muryarsa a ƙasa take, sai Direba ya durƙusa.

"Na ji ka jiya."

Direba ya kafa wa daɓen ido.

"Yini guda kamar mai kakkaɓe katifa. Na ce ko kunnena ne ya mutu kafin ni." Ya yi tari, ya daɗe kafin ya samu numfashi. "Tulin da ke bayan ƙofa yana nan?"

"Babu."

"Duka?"

"Duka."

Magini ya rufe ido. Direba ya jira zagi. Ya ma so a zage shi. Ya san zagin mutumin nan tun suna da baƙin gashi, ya san yadda yake farawa da yadda yake ƙarewa. Ba abin da ya zo.

"Yaya, so na yi ka gani," in ji Direba.

"Na gani."

"Gobe da asuba zan fasa. Ni da Dogo."

"Ta wayi gari ta ga kana fasawa, ina kwance? Ka dubi fuskarta yau?"

Takun matan ya matso. Uwar Auta ta ba shi ruwan a baki, ya ɗan jiƙa leɓe ya kau da kai. Ta ajiye kofin, ta taɓa simintin da ɗan yatsa.

"Ya fara kamawa, Malam. Sa hannunka."

"Hannun ya gaji."

"Haba. Ka sa wa mai shago, ka sa wa mai gidan burodi, ni ce ba za ka sa wa ba? Baban yara, kama shi."

"Baba, sa mana," in ji Auta.

Magini ya dubi matarsa. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya miƙa wa Direba hannuwa kamar yaron da ke son a ɗauke shi. Direba ya riƙe shi ta hammata ya sauke shi a hankali har gwiwoyinsa suka taɓa ƙasa a kusurwar bakin ƙofa. Ya buɗe tafin hannunsa ya ɗora. Ba shi da nauyin da zai danna. Sai da Direba ya ɗora nasa hannun a bayan na Magini ya danna masa. Kansu yana haɗe, bakin Magini daidai kunnensa.

"Kar ka bari a ɗora injin a kai. Ka kwashe har hawa na huɗu. Ka sake."

"To."

"Ba 'to' na direbobi ba."

"Na ji, Yaya."

Da suka ɗago shi, yatsu biyar sun fito raɗau. Uwar Auta ta rufe baki da hannu tana dariya tana hawaye. Auta ta juyo da goyonta wai ya ga hannun kakansa.

Kwana biyu ya ƙara. Direba yana shiga safe da yamma, ya zauna a bakin gado, ba su sake tada maganar ba. Magini ma ba ya magana sosai. A rana ta biyu da hantsi, Direba na zaune, Uwar Auta tana goge masa fuska, ya buɗe ido ya ce, "An ba shi ruwa?"

"Wa?"

"Daɓen. Sabon kankare kwana bakwai ana ba shi ruwa. In ya bushe da wuri ƙonewa yake."

"Na ba shi da safe," ta ce.

"Ƙara."

Ta fita da bokiti. Ta taga Direba yana jin ruwan yana zuba a kan simintin, tana watsawa da kofi a hankali yadda aka koya mata. Magini ma ya karkata kai yana saurare. Kafin ta dawo da bokitin, Magini ya cika. Direba ne ya shafe masa ido.

Aka kai shi. Masu gaisuwa suka zo suka tafi. Uwar Auta ba ta daina ba wa daɓen ruwa ba ko yini ɗaya, har kwana bakwai suka cika, har ta wuce. Duk wanda ya shigo sai ta kai shi baya ta nuna masa hannun.

Direba ya bari sai da gidan ya yi shiru, Auta ta koma. Wata safiya ya shigo da babbar guduma a kafaɗa. Ya tarar da ita tana shara.

"Ina kwana, Uwar Auta."

"Lafiya lau. Wannan fa?"

Ya ajiye gudumar. Ya shirya maganar tun kwanaki, amma da ya buɗe baki sai ta fito a gajarce. Ya faɗa mata komai: hawa huɗu da ya haɗa rana ɗaya, da baƙar ƙasar, da abin da Magini ya raɗa masa. Ta tsaya da tsintsiya a hannu har ya gama.

"Ka gama?"

"Na gama."

"Shekara talatin da huɗu ina tare da mutumin nan. Na ga ranar da muka kwana ba mu ɗora tukunya ba saboda ya ƙi sa hannu a aikin da bai yi masa ba. Yau kai za ka zo ka ce min ya sa hannu a aikin banza? A nawa?"

"Don ke ya sa."

"Wato ƙarya ya yi min."

"Ban ce haka ba."

"To me ka ce? Ko kai ke ƙarya yau, ko shi ya yi ranar. Shi ba ya nan ya kare kansa."

"Kira Dogo ki tambaye shi."

"Ba na kiran kowa."

"Zan yanke kusurwar in ajiye miki ita. Ba abin da zai taɓa hannun. Ni zan kawo ƙasa, ni zan daka, kwana biyar kawai—"

"Ka yanke hannunsa in jingine a bango kamar murfin tukunya?" Ta jingine tsintsiyar. "Baban yara, ka yi mana abin da ɗan'uwa bai yi ba. Ba zan manta ba. Amma ka ɗauki gudumarka. Abin da ya bar min ke nan, a nan ya durƙusa ya sa. In ka kuma shigo min da ita, ba ni ba kai."

Ya ɗauka. Ya sake gwadawa ta wajen matarsa, ta dawo ta ce ya ƙyale baiwar Allah da abin da ke damunta. Ya gwada ta wajen Auta, ta ce masa, "Kawu, in ka ga yadda take zama a wurin da yamma ba za ka ce haka ba." Dogo ya ce shi lebura ne, ba ya shiga maganar manya.

Wani magini ya zo ya ja bango, aka rufa kwano. Makaniki ya huda daɓen ya ɗaure injin da kusoshi. Ranar da aka tada shi, Direba yana gidansa, ya ji ƙarar ta ratso katanga, kofin da ke kan tagarsa yana ta rawa. Ya fita ya hau tifarsa, bai dawo ba sai da aka kashe.

Wata huɗu injin ya yi aiki. Mata suka riƙa layi da robobi tun da safe. Uwar Auta ta yi ƙiba kaɗan, ta fara tsokanar mutane kamar da. Wata rana ta hango shi ta kan katanga ta ce, "Mai guduma, daɓen yana gaishe ka." Ya yi dariya. Har ya fara cewa a ransa wataƙila dai tsohon ne da tsanani.

Sai damina ta sauka.

Farko wani siririn layi ne kamar gashi, daga ƙafar injin zuwa bango. Ta ɗora buhu a kai. Bayan ruwa na uku layin ya buɗe har yatsa yana shiga. Tsakiyar ɗakin ta lotsa, injin ya karkata, bel ya riƙa zamewa yana tsalle. Makaniki ya zo ya cusa katako a ƙarƙashi, ya yi kwana shida. Ya sake zuwa ya cusa ƙarfe. Rana ɗaya da azahar Direba ya ji wata ƙara kamar an ja birki a kan tsakuwa, sai shiru. Sandar injin ta lanƙwashe, ta fasa gidan da take juyawa a ciki. Makaniki ya ce ko an gyara, a kan wannan ƙasan ba zai kwana uku ba.

Matan layin suka yi kwana biyu suna zuwa suna komawa da robobinsu, sannan suka gano wani injin a can gaba.

Direba ya shiga ya same ta zaune a bakin ƙofar ɗakin injin. Ya ce, "Yanzu ki bar ni in yi." Ba ta ɗago ba.

"A ɗora me a kai?" ta ce.

Ya dubi injin, ya juya ya fita.

Bayan mako uku mijin Auta ya zo da motar kaya. Aka ɗora katifa da akwati da tukwane da kujerar roba. Mijin Auta yana ta duba agogo, yana cewa, "Mama, wannan ba sai kin ɗauka ba, ba inda za a sa shi." Tana ajiyewa ba musu. Da za ta shiga motar ta miƙa wa Direba makulli.

"Ka riƙa leƙawa, saboda awaki."

"To."

Ta tsaya kamar za ta ƙara wani abu. Sai ta ce, "Ka gaida mutan gidan," ta shiga. Matarsa tana tsaye a gefensa lokacin.

An yi ruwa da asuba ranar da ya fara buɗe gidan. Tsakar gidan ta fara ciyawa. Madaɓin yana kwance inda ya yar da shi, bututun ya yi tsatsa. Guntun rodin yana nan jingine a bayan ɗakin. Ya ɗauka ya tura ƙofar. Injin yana tsaye a karkace, gari ya daskare a bakinsa. Ya durƙusa a tsakiyar ɗakin, ya sa tsinin rodin a cikin tsagar. Bai danna ba. Rodin ya tafi da kansa, har hannunsa ya taɓa siminti.

Ya bar shi a nan. Ya fito ya zauna a dokin ƙofa. Tsagar ta biyo ta gefen ƙafarsa, ta wuce kusa da babban yatsan Magini, ba ta taɓa shi ba. Feshin ruwan asuba ya taru a cikin tafin hannun, ya cika yatsu biyar ɗin. Wata kazar maƙwabta ta shigo ta ƙofar da ya bari a buɗe, ta zagaya shi, ta sa baki ta sha, ta ɗaga kai sama, ta sake sha.